Ƙirjin Bature, Cikin Bahaushe: Nazarin Koyon Kalmar “Unbosom”

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki kalma guda ta Ingilishi, wato “unbosom”, wadda ba a cika jin ta a bakin masu harshen na yau ba, ta bi diddigin abin da ɗalibi Bahaushe yake bukata kafin a ce ya san ta. Kalmar tana nufin mutum ya keɓe da wanda ya amince da shi, ya fitar masa da abin da ya daɗe yana ɓoyewa a ransa. An duba ƙirarta da furucinta da muhallin amfani da ita, sannan aka auna ta da maganganun Hausa masu kusantar ma'anarta. Nazarin ya nuna cewa matsayin da Ingilishi ya ba ƙirji wajen ajiyar sirri, ciki Hausa ta ba, don haka fassarar da ta bi gaɓar jiki ido rufe takan kai mai karatu inda marubuci bai nufa ba.

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB ya san sashen nan da ake ba shi kalma a ce ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Sashen yana da amfaninsa, amma yakan bar wa ɗalibi wata ɗabi'a: ya ɗauka kowace kalma tana da 'yar'uwa guda da za ta zauna a gurbinta daram. Ga sunayen abubuwan da ake gani da ido, wannan zato ba ya yin ɓarna sosai. Ga kalmomin da suka shafi abin da ke cikin rai kuwa, nan ne ake yin tuntuɓe, domin kowace al'umma da inda ta ajiye damuwarta a jikin mutum, da kuma wanda ta yarda a kai wa ita.

Ana iya tambaya ko kalmar da ba a cika amfani da ita ba ta cancanci a ɓata mata lokacin aji. Paul Nation, a littafinsa na 2001 kan koyon kalmomin baƙon harshe, ya raba kalmomi zuwa masu yawan aukuwa da masu ƙarancin aukuwa, ya kuma ba da shawarar kada malami ya ƙarar da lokaci yana koyar da na biyun ɗaya bayan ɗaya. Gara ya koyar da dabarun da ɗalibi zai tunkare su da kansa, irin su rarraba kalma gida-gida da lura da muhallin da ta fito. Shawarar tana kan hanya. Ita ce ma dalilin zaɓen wannan kalma, domin da wuya a sami wadda ta tara darussan dabara a wuri guda kamarta: rubutunta ya saɓa da furucinta, ɗafinta yana da fuska fiye da ɗaya, hoton da ke ƙarƙashinta kuma ya yi kama da na Hausa ta wani gefe, ya saɓa masa ta wani.

2.0 Ƙira da Furuci

Kalmar ta ginu ne daga ɗafa-goshin “un-” da suna “bosom”, wato ƙirji. Sunan tsoho ne a harshen, yana nan tun Ingilishin dauri, kuma yana da dangi a Jamusanci, “Busen”, da harshen mutanen Holan, “boezem”. A nan ne ɗalibi yake fara cin karo da matsala, domin wasalin farko na “bosom” ba “o” ake furta shi ba, “u” ne gajere, kamar yadda yake a “woman” da “wolf”. Harafin “s” kuma “z” ake furta shi. Idan aka rubuta kalmar gaba ɗaya da ƙa'idar Hausa, abin da kunne yake ji ya fi kusa da “ambuzam”, tare da ƙarfafa gaɓa ta biyu. Babu sauti ko ɗaya a ciki da zai gagari harshen Bahaushe. Ido ne kawai yake yaudarar baki.

Ɗafin ya fi furucin rikici. “Un-” iri biyu ne a Ingilishi, masu asali daban, ko da yake rubutunsu ɗaya. Na farko yana korewa ne, kuma sifa ya fi hawa, kamar a “unhappy” da “unkind”. Na biyu yana warware aiki ne, kamar a “untie” da “unlock”, shi ne kuma ɗan'uwan “ent-” na Jamusanci da “ont-” na Holan. Wannan na biyun idan ya hau suna ya mayar da shi aikatau, sai hanya ta sake rabuwa. A “unmask” da “unburden”, abin da aka ambata shi ake cirewa daga jikin mutum: abin rufe fuska, ko kaya mai nauyi. A “unearth” da “unhorse” kuwa, abin da aka ambata wuri ne, wani abu ake fitarwa daga gare shi: a tono abu daga ƙasa, a kayar da mahayi daga kan doki. Unbosom tana cikin rukuni na ƙarshe. Ɗalibin da ya bi hanyar korewa zai karanta ta da ma'anar marar ƙirji. Wanda ya bi hanyar “unmask” zai karanta ta da ma'anar cire wa wani ƙirji, wanda aikin mahauci ne. Wanda ya bi hanyar “unearth” shi ne zai isa ga ma'anar gaskiya: fitar da abu daga ƙirji. Harshen Holan yana da kalma mai wannan ƙira sak, “ontboezemen”, da ma'ana iri ɗaya.

Hausa ba ta da ɗafa-goshi mai wannan aiki, amma ba ta rasa hanya ba. A tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, aji na biyar, mai ƙarewa da “-ar da”, shi ne wanda Paul Newman ya bayyana daga baya da cewa yana nuna aikin da ke fita daga mai yin sa zuwa waje: fitar da, zubar da, furzar da, amayar da. Malamin da ya ɗora “unearth” da unbosom kusa da waɗannan ya rage wa ɗalibinsa rabin wahala.

Ta fuskar ginin jimla, aikatau ne so-karɓau, kuma hanyoyi biyu ake bi da shi. Ko dai a ambaci abin da aka fitar, sirri ko baƙin ciki, ko kuma, wanda ya fi yawa, mai maganar ya zama shi ne karɓau, a ce “she unbosomed herself to her aunt”. Wannan na biyun ba ya fassaruwa kalma da kalma. Ba a cewa ta amayar da kanta ga goggonta.

3.0 Ƙirji ko Ciki?

George Lakoff da Mark Johnson, a littafinsu na 1980 kan siffantawar da ke cikin maganar yau da kullum, sun nuna yadda harshe yake ɗaukar abin da ba a gani ya zuba shi a mazubi, ya ba shi ciki da waje. Unbosom misali ce mai kyau ta wannan. Mutum mazubi ne, damuwa abin zubawa ce, faɗin ta kuma fitarwa ne. A Ingilishin da, mazubin bai tsaya ga tsoka da ƙashi ba: “bosom” tana kuma nufin sashen tufa da ya rufe ƙirji, inda ake cusa wasiƙa ko kuɗi ko wani abin da ba a so a gani. Wanda ya san babban aljihun da ke ƙirjin babbar riga, da irin abubuwan da dattijo yake zarowa daga cikinsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga wannan ma'ana ta kusanci aka sami “bosom friend”, wato amini.

To, a Hausar yau da kullum ƙirji ba ma'ajiyar sirri ba ne. Gaɓa ce ta fito-na-fito. Mutum yakan bugi ƙirji ya ce shi zai yi abin da ya gagari kowa; ƙirji yakan buga idan an tsorata. Abin da ake ɓoyewa kuwa, ciki ake kai shi. Mai zurfin ciki shi ne wanda ba a jin cikinsa. Wanda ya ga abu ya yi shiru, ya bar wa cikinsa. Wanda yake son ya san abin da wani ya ɓoye, sai ya bugi cikinsa. Farin ciki da baƙin ciki duk a nan suke zaune, kuma masu iya magana sun rufe zancen da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rai da zuciya su ma suna ɗaukar wani kaso na aikin, kamar a “abin da ke ransa” da “abin da ke ci mata zuciya”, amma idan maganar ɓoyewa da bayyanawa ake yi, ciki ne a gaba.

Saboda haka mai fassarar da ya ga “bosom” ya rubuta ƙirji, ya ga “un-” ya rubuta buɗewa, ya faɗa rami. Idan jimlar da aka kawo a sama ta koma “ta buɗe wa goggonta ƙirjinta”, abin da Bahaushe zai fara gani shi ne mace ta yaye mayafi. Idan kuma wanda aka yi wa aikin a labarin namiji ne, ɓarnar ta wuce ta ma'ana, ta taɓa mutuncin wadda ake ba da labarinta, alhali marubucin asali bai nufi komai ba face ta gaya masa damuwarta. Abin lura a nan shi ne, Ingilishin yau ma bai tsira daga wannan ba. Ma'anar “bosom” ta ƙuntata, yanzu an fi jin ta a matsayin sakaya ga ƙirjin mace, shi ya sa unbosom takan jawo murmushi a inda da can hawaye take jawowa.

Akwai togaciya guda, kuma mai muhimmanci ce. A Hausar malamai, ƙirji yana ajiye sirri. Wannan ya shigo ne ta hanyar tafsiri, inda ake fassara “sadr” ta Larabci da ƙirji, jam'inta kuma da ƙiraza, kuma kunnen duk wanda ya zauna majalisin tafsirin watan azumi ya saba da jin ana maganar abin da ƙiraza suke ɓoyewa. Sai dai ko a nan, buɗa ƙirji ko yalwata shi, kamar yadda ake bayani a sura ta 94, natsuwa ce da sauƙi da Allah yake sanya wa bawa, ba faɗa wa wani sirri ba. Abin da mai fassara zai amfana da shi daga wannan rukunin Hausa shi ne mazubin, ba aikatau ɗin ba. Idan yana son ya riƙe ƙamshin tsufa da na littafi da ke jikin unbosom, yana iya cewa “ya bayyana masa abin da ƙirjinsa ya ƙunsa”. Jimlar ba ta kasuwa ba ce, kuma wannan shi ne dacewarta, domin kalmar Ingilishin ma ba ta kasuwa ba ce.

4.0 Maƙwabtan Kalmar

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa kafin a ce an yi unbosom: sirrin na mai maganar ne, da son ransa ya faɗa, wanda ya faɗa wa amintacce ne, kuma yana neman sauƙin zuciya ne. Da wannan ma'auni ake gane inda kowace maƙwabciya ta rabu da ita. “Confess” tana ɗauke da amsa laifi. “Divulge”, wadda tushenta na Latin yake da alaƙa da gama-garin jama'a, tana karkata ga bayyana abin da ya kamata a rufe, ko da na wani ne. “Confide” ce mafi kusa, kuma saiwarta ta Latin tana nufin yarda da aminci, kamar yadda amini da amana da aminci suka fito daga saiwa guda ta Larabci. Bambancinsu shi ne, ana iya yin “confide” da ƙaramin abu cikin jimla ɗaya, amma unbosom juyewa ce gaba ɗaya.

A ɓangaren Hausa, maganar da ta fi saurin zuwa baki ita ce “ya amayar da abin da ke cikinsa”. Ta dace ta fuskar fitarwa da ta juyewa gaba ɗaya, har ma da sauƙin da ke biyo baya. Inda ta gaza shi ne laushi. Amai abu ne da yake fin ƙarfin mutum, don haka maganar ta fi zama daram a bakin wanda fushi ya cika, ko wanda aka matsa wa da tambaya har ya saki. Ba ta kuma bukatar amini. Ana iya amayarwa a gaban taro. “Fede biri har wutsiya” tana nuna cikar bayani, amma ba ruwanta da ko bayanin na zuciya ne ko na rikicin gona. “Kai kuka” tana sa ran a share hawaye da wani taimako, alhali mai unbosom sau da yawa kunne kawai yake nema. “Tona asiri” da “fasa ƙwai” kuwa sun yi hannun riga da ita, domin cutarwa ce ko fallasa, suɓutar baki kuma ba da niyya ake yin ta ba. Abin da ya rage mafi kusa shi ne “ta buɗe mata cikinta”, ko “ta zayyana mata abin da ke ranta”, musamman idan an riga an nuna cewa ta saki jiki da ita.

5.0 Wa Ake Buɗe wa Ciki?

Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka san kalmar ta fito a rubuce shi ne wasan Shakespeare mai suna Love's Labour's Lost, wanda aka fara bugawa a 1598. A fitowa ta biyu ta kashi na biyar, gimbiyar Faransa ta sami labarin cewa sarkin Nabara da fadawansa uku za su zo musu a ɓad da kama, cikin shigar Rashawa. Sai ta shirya wa 'yan matanta su rufe fuskokinsu, su kuma yi musayar kyaututtukan da masoyan suka aiko, domin kowane namiji ya bi kyautarsa ya je ya zazzage abin da ke ransa a kunnen wadda ba tasa ba. A bakin gimbiyar kalmar ta fito, lokacin da take bayyana wannan dabara. Abin dariyar wasan ya dogara ne kacokan a kan sharaɗi na uku da aka ambata a sama: aikin ba ya cika sai an dace da mai sauraro. A ƙarni na 18, lokacin da labaran da aka gina da wasiƙu suka yi tashe a Ingila, wannan aiki ya zama ƙashin bayan littafi sukutum. A Clarissa na Samuel Richardson, wanda ya kammala fitowa a 1748, tauraruwar tana juye cikinta ne a wasiƙun da take aika wa ƙawarta Anna Howe.

Ɗalibi Bahaushe yana zuwa wa irin waɗannan littattafai da nasa ma'aunin. A cikin siffofin mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattauna a 1974 akwai haƙuri da kunya da amana, kuma dukkan ukun suna da ta cewa a nan: haƙuri yana sa a daure, kunya tana hana a faɗa wa wasu mutane, amana kuma ita ce sharaɗin wanda za a faɗa wa. Karin magana ma bai tsaya gefe ɗaya ba. Wanda ya ce magana zarar bunu ce, shi ne kuma ya ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ya ƙara da cewa abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Zurfin ciki yabo ne idan sirrin wani aka riƙe, amma yakan koma zargi idan mutum ya riƙe nasa har ya kwantar da shi.

Abin da al'ada ta yi shi ne ta ware ƙofofi. Ɗan fari ba ya zama ya juye cikinsa gaban mahaifiyarsa, domin kunyar da ke tsakaninsu. Kaka da goggo da amini da ƙawa su ne ƙofofin da aka bari a buɗe. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda ƙawance tsakanin mata yake da ƙa'idoji da musayar kyauta da haƙƙoƙi, ba haɗuwar jini kawai ba. Wannan yana da tasiri a aji. Idan labarin Ingilishi ya ce saurayi ya yi unbosom ga mahaifinsa, ɗalibi yana iya fahimtar kowace kalma amma ya ɗauki yaron marar ta-ido, ko ya ɗauka wani babban bala'i ne ya sa shi keta kunya, alhali marubucin kusanci kawai yake nunawa. Gyaran wannan ba ya cikin ƙamus. Aikin malami ne.

6.0 Ganewa da Amfani

Nation ya kasa sanin kalma gida uku, siga da ma'ana da amfani, kowanne kuma ya raba shi biyu: sanin da ake gane kalma da shi idan an gamu da ita, da sanin da ake fito da ita da shi a magana ko rubutu. Unbosom ta cancanci sani na farko cikakke, na biyun kuwa da taka-tsantsan. Wannan yana da wuyar karɓuwa ga ɗalibin da ya sha wahalar haddace ta, musamman a muhallin da ake auna ilimi da dogon Turanci. Amma wanda ya rubuta wa shugaban sashensu takardar neman uzuri ya ce yana son ya yi unbosom a gabansa, ya yi kuskure biyu a kalma ɗaya: ya ɗauko kalmar littattafan ƙarnonin baya ya sa a takardar ofis, ya kuma ba shugaban matsayin amini wanda bai nema ba. Masu harshen da kansu idan sun yi amfani da ita yau, galibi da gangan suke yi, don zolaya ko don kwaikwayon salon da.

Hanyar da ta fi dacewa a aji ita ce a ba ɗalibai gajeren yanayi uku da Hausa, a ce su zaɓi aikatau na Ingilishi ga kowanne: wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa gaban alƙali, ma'aikaci ya kwashe sirrin ofis ya kai wa 'yan jarida, amarya ta keɓe da ƙawarta da dare ta gaya mata abin da ta kasa gaya wa kowa tun da aka kawo ta. Na ukun ne kaɗai gidan unbosom, kuma ko a nan, idan ɗalibin da kansa yake rubuta labarin da Ingilishin yau, “confide” ko “open up” za su fi zama lafiya. Sai a ja hankalinsa ga ƙaramar kalmar da ke bin kowanne, domin nan ma ana yawan zamewa: “confide” tana tafiya da “in” idan mutum kawai aka ambata, unbosom da “open up” kuwa “to” suke ɗauka. Harafin “m” na ƙarshe kuma ba a ninka shi idan an ƙara ɗafa-ƙeya, “unbosomed” da “unbosoming” ake rubutawa, saboda ƙarfin furuci ba a kan gaɓar ƙarshe yake ba.